Zuwa Ga Auta, Kan Lambobi Shida

Autar Inna,

 Ya ƙafar Inna? An ce ta fara takawa har zaure. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Da hannu na rubuto miki wannan, na ba Kawu ya taho miki da ita, tunda kin ƙi ɗaga wayata. Na san ba fushi kike da ni ba, kunya ce. Haka kike tun kina 'yar mitsitsiya, abu na ɓaci sai bayan ƙyauren Inna, sai an biyo ki da lallashi. To ga ni na biyo ki. Kuma sai kin karanta har ƙarshe, ba irin karatun da kike yi wa saƙona ba, layi biyu ki turo min 'yar fuskar dariya.

Ki saurare ni da kyau. Ba ki yi abin kunya ba, sata aka yi miki. Mai rufe fuska shi ne wanda ya ari sunanki da hotonki ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya, wai an kwantar da 'yarki Ummi a asibiti ana neman kuɗin jini. Ni ma ya turo min. Ina dubawa na ga babu "Yayata ta kaina" a farkon saƙon, sunan da ke kan asusun bankin kuma ban taɓa jin sa a danginmu ba. Ke kuwa tunda nake da ke ba ki taɓa roƙona kuɗi a rubuce ba. Kira kike yi, ki gaishe ni, ki sake gaishe ni, ki tambayi farashin shinkafa a Kaduna, har sai na gane da kaina.

Maigidanki ya ba ni labarin yadda aka yi. Kina tsakiyar auna wa wata leshi waya ta yi ƙara. Mutum ya yi sallama cikakkiya, ya kira ki Hajiya, ya ambaci sunan guruf ɗinku na tsofaffin ɗalibai, ya ce akwai taro da daddare ta bidiyo, an turo miki lambobi shida na shiga, ki karanto masa ya sa sunanki. Tef a wuya, almakashi a hannu, kika maƙale wayar a kafaɗa kika karanto. Kafin ki naɗe leshin WhatsApp ɗinki ya bar hannunki.

Shi fa ya riga ya rubuta lambar wayarki a WhatsApp ɗin da ke tasa wayar. Duk sanda aka yi haka, kamfanin yakan aika lambobi shida zuwa layin, don ya tabbatar mai layin ne da kansa yake son komawa sabuwar waya. Lambobin nan su ne makullin shagon gaba ɗaya, wanda ya riƙe su shi ne mai shago. A jikin saƙon ma an rubuta kada a ba kowa, sai dai da Turanci ne, ke kuma hankalinki na kan ciniki. Babu taron da ake shiga da su. Babu banki, babu kamfanin waya, babu shugabar ƙungiya, babu malamar Islamiyya da ke da buƙatarsu. Ko ni na kira ki da muryata na ce ki karanto min, ki hana ni.

Abin da ya fi ci min rai, mutumin nan ba wani ilimin waya gare shi ba. Halinki ya bi ya shigo. Kara gare ki, Auta. Ba ki iya cewa a'a ga wanda ya yi miki sallama, ba ki iya katse wa babba magana, kina jin nauyin a ce kin zargi mutum. Tarbiyyar Inna ce, kuma ba na so ki zubar da ita saboda wani maras tsoron Allah. Ɗabi'a ɗaya kawai nake so ki ƙara a kai. Duk wanda ya kira yana neman lamba, ko kuɗi, ko a danna wani abu, ki ce masa, "To, bari zan kira." Ki kashe. Sai ki nemi mutumin da ya ce shi ne, ko wanda ya ce ya aiko shi, a lambar da kike da ita tun da. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda kuwa ya matsa miki da "yanzu-yanzu za a rufe", ya riga ya faɗa miki ko shi wane ne.

Kada kuma ki ce don karatunki bai yi nisa ba ne. A watan Yulin 2020 an ƙwace shafukan Barack Obama da Joe Biden da Bill Gates da Elon Musk a Twitter rana ɗaya, aka rubuta da sunansu cewa duk wanda ya turo kuɗin bitcoin za a ninka masa. Cikin 'yan sa'o'i mutane suka tura sama da dala 100,000. Da aka bincika, ta waya aka yaudari wasu ma'aikatan kamfanin, aka yi musu daɗin baki har suka ba da hanyar shiga, kuma cikin waɗanda aka kama har da yaro ɗan shekara 17 a Florida ta Amurka. Mutanen da aikinsu ke nan dare da rana, ta inda aka same ki aka same su.

Yanzu batun dawo da WhatsApp ɗinki. Maigidan ya ce kun sake sa lambarki, lambobi shida sun zo, kun rubuta, sai aka nemi wata lambar sirri da ba ku sani ba. Ɓarawon ne ya ɗaura tasa. Kada hankalinki ya tashi. Tun sanda kika rubuta lambobin da suka zo layinki aka fitar da shi, ba ya ciki yanzu. Kwana 7 za ki jira, sannan ya buɗe miki ba tare da tasa lambar ba. Tsofaffin hirarrakinki ma bai gan su ba, a cikin wayarki suke. Guruf-guruf ne suka bi shi, a nan ya tsinci lambobin dangi. Sunan Ummi kuwa a Facebook ɗinki ya gani, inda kika sa hoton walimar saukarta a buɗe ga duk mai wucewa.

A kwanakin jiran nan za ki ga masu cewa su gwanaye ne, a ba su dubu kaza su dawo miki da shi yau-yau. Kada ki ba kowa ko sisi. Jirgi ɗaya ya kwaso su da na farkon, wani lokaci ma shi ne ya sake murya. Da Facebook ko Instagram aka ƙwace, kamfanin yana da nasa shafin kai kuka, facebook.com/hacked da instagram.com/hacked, kuma ba a biyan komai.

Ranar da ya buɗe, kafin ki sa sitatus ko ɗaya, ki shiga Settings, ki taɓa Account, ki nemi Two-step verification, ki ɗaura taki lambar sirrin. Tun 2017 aka sa abin nan a WhatsApp, kyauta ne, bai kai minti biyu ba, kuma da yana kan naki da mutumin nan bai iya shiga ba ko da kin karanto masa lambobin. Na faɗa miki a bikin 'yar Gwaggo, kika ce sai an watse. An watse, Auta, har amarya ta haihu. Kada ki sa shekarar haihuwarki, ko ranar aurenki, ko ƙarshen lambar wayarki. Ki haɗa da imel ɗinki saboda ranar mantuwa. Instagram da Facebook da TikTok duk suna da irin wannan mataki na biyu, ki kunna wa kowanne.

Akwai hanyar da ba sai an kira ki ba ma. WhatsApp ɗaya yana iya buɗewa a kan wasu na'urori har 4 bayan wayarki. In wayar ba ta da makulli, wanda ya riƙe ta na minti ɗaya ya isa ya haɗa ta da tasa, ya zauna yana karanta duk abin da ke shigowa ke ba ki sani ba. Ki sa mata makulli, ki kuma riƙa leƙa Linked devices, abin da ba ke kika haɗa ba ki fitar da shi. In za ki ba da caji ranar da babu wuta, ki kashe ta tukuna. In gyara za ki kai kasuwar waya ta Farm Centre, ki zare layinki da memori. Sannan in wani ya ce ki danna wasu lambobi masu taurari, wai za a gyara miki layi ko a sa miki data, ki ƙi. Da irinsu ake karkatar da kiranki zuwa wata waya, lambobin shiga kuma ana iya karɓarsu ta kira. Yau ɗin nan ki danna ##002# ki kira, zai share duk wata karkatarwa da ke kan layinki.

Wa ya buɗe miki Gmail ɗin da ke wayarki? Na san amsar. Yaron da ya saita miki ita ranar da kika saya, shi ya zaɓi kalmar sirrin, ya rubuta miki a bayan kwali, kwalin kuma Allah kaɗai ya san inda yake. Ban ce yaron mugu ne ba. Amma lambobin mutanenki, da hotunanki, da ajiyar hirarki, da hanyar sauya kalmar sirrin Facebook da Instagram, duk ta imel ɗin nan suke bi. Bai kamata wani ya san sirrinsa ban da ke ba. Ki sauya. Ki haɗa kalmomi huɗu da ba su da dangantaka da juna, irin waɗanda ke kaɗai za su faɗo wa a rai, ki cusa lamba a tsakaninsu, don doguwa ta fi gajeriya wuyar fasawa. Kowane shafi da tasa, yadda in an sace ɗaya ba za a buɗe sauran da ita ba. Ki rubuta su a ƙaramin littafi, ki ajiye inda kike ajiye sarƙar Kaka.

Nan kam faɗa zan yi miki, ki yi haƙuri. Wannan GB WhatsApp ɗin da kike ji da shi, don kina ganin saƙon da aka goge, kina kallon sitatus ba a san kin kalla ba, ki cire shi. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi shi ba. Wasu ne da ba ki san su ba suka ɗauki na asali suka cusa abin da suka ga dama, shi ya sa ba ya cikin Play Store, sai dai a turo miki ta Xender. A 2021 masu binciken kamfanin Kaspersky sun gano wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin ɗan'uwansa FMWhatsApp. Tana karanta saƙonnin da ke shigowa layi, har da lambobin sirri, tana kuma yi wa mutum rajistar abubuwan da ake cirar masa kuɗi bai sani ba. Shi kansa kamfanin WhatsApp yana rufe layukan da ya kama da irin waɗannan. Duk cinikinki a kan layin nan yake. Saƙon da wata ta goge bai kai ki yi asarar wannan ba.

Haka duk wani abu da aka turo miki wanda sunansa ya ƙare da .apk. Za a ce katin biki ne, ko hotunan kaya, ko takardar tallafi. Hoto ba ya neman izinin a ɗora shi a waya. In kin taɓa abu wayar ta tambaye ki ko ta ɗora manhaja daga wajen Play Store, ki koma baya ki goge shi. Wadda kika sauke daga Play Store ɗin ma ki duba me take nema. Ina ruwan manhajar tocila da lambobin mutanenki ko saƙonninki? Manhajojin bashin gaggawa da suka riƙa aika wa dangin mutane saƙon cin mutunci, ta irin wannan izinin suka kwashi lambobi, har sai da Google ya hana irinsu taɓa lambobi da hotuna a 2023. In waya ta fara zafi tana ajiye, data na ƙarewa ba dalili, kati na zurarewa, talla na faɗowa ko ba ki buɗe komai ba, to akwai baƙo a ciki. Ki kwashe hotunanki, a wanke ta tas a sake saita ta. Sabuntawar nan kuma da take ta roƙonki kina cewa cin data ne, ki bar ta ta yi. Ɓarakar da aka gano ake toshewa da ita.

Sai saƙonnin da kike turowa guruf ɗin gida. Kyautar data ta azumi, tallafin gwamnati ga mata, gidauniyar wani attajiri tana rabon kuɗi, a danna nan, a tura wa guruf biyar. Na san da kyakkyawar niyya kike yi, so kike kowa ya samu. Banza ba ta kai zomo kasuwa, Auta. Shafin da zai buɗe an yi shi ne ya yi kama da Facebook ko na banki, kina rubuta lambarki da kalmar sirri sun faɗa hannun mai shi. Wanda ya ga daga wurinki ya fito kuma ba zai yi shakka ba, don ya yarda da ke. Irinsa ne wanda ke zuwa wa masu sayar da kaya a Instagram, wai an kai ƙarar shafinki za a rufe cikin awa 24 in ba ki shiga nan kin kare kanki ba, ko wai za a ba ki shuɗin tambari. Kada ki bi hanyar da aka turo miki. Ki rufe saƙon, ki buɗe manhajar da hannunki. In da gaske akwai matsala, a can za ki tarar da ita.

Don mutum ya san sunanki da garinku da lambarki, wannan ba ya nuna ɗan gida ne. A 2021 an watsa bayanan mutum miliyan 533 masu Facebook daga ƙasashe 106 a intanet, kyauta ga mai so, har da lambobin waya, kuma da 'yan Najeriya a ciki. Taki lambar ma a saman shafinki take saboda ciniki, wannan dole ce. Abin da ba dole ba shi ne makarantar su Ummi, da ƙofar gidanku, da ranar da maigidan zai yi tafiya. Ki mayar da hotunan gida na abokai kaɗai, ki bar atamfa da turare a fili.

Layin kansa ki kula da shi fiye da wayar. Kin san yadda ƙwacen waya ya yi yawa a gari, kuma ba wayar kaɗai ake so ba. A zare layin a sa a wata waya, saƙon banki na shigowa, a lallaɓa cikin asusu ta lambobin da ake dannawa. Ki sa wa sim ɗinki lambar sirri, yadda ko an sa shi a wata waya ba zai tashi ba. Kafin ki fara ki nemo katin da aka ɓallo sim ɗin daga jikinsa, akwai lambar PUK a kai, in aka yi kuskure sau 3 ita ce mai buɗewa. Ki je bankinki ki tambayi lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ki haddace ta, ki koya wa maigidan. BVN, da lambar katin cirar kuɗi, da lambar da banki ke turowa, babu ma'aikacin bankin da zai kira ya tambaye ki su. Tsohon layinki na makaranta da kika yar, in har shi ne a kan Facebook ɗinki ki sauya shi, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani yana sake sayar wa wani.

Abba fa ya girma, na ga gashin baki ya fara tsirowa a hoton Sallah. Ki daina ba shi wayar cinikinki yana cika ta da wasannin da abokansa ke tura masa. Abin da ya fi wannan, ki zaunar da shi, ke da babansa, ku gaya masa akwai masu shigar 'yan mata a Instagram da Facebook. Su ja yaro da hira har ya tura hoton da bai kamata ba, sannan su juyo da barazanar watsawa in bai biya ba. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 daga Najeriya saboda wannan aika-aika. Ku ce masa in ta taɓa faruwa kada ya biya, kada ya goge hirar, kada ya ɓoye. Ya zo gare ku, ko ya zo gare ni, ba mai dukansa. Yaron da ya san gida zai karɓe shi, ba a iya riƙe shi da tsoro.

Na tsawaita ne saboda wayar nan taki ce, amma abin da ke cikinta ba naki ne ke kaɗai ba. Akwai matan aure da suka turo miki hotonsu ba mayafi don ki ga yadda ɗinki ya zauna. Akwai wadda ta yi miki kuka a saƙon murya kan zaman gidanta. Akwai 'yan adashenki da lissafinsu. Akwai tsofaffin da in suka ga sunanki ba sa ƙara tambaya. Duk amana suka ba ki. Shekara da shekaru kina tara yardar nan da cika alkawari da awo na gaskiya, ita kuma ɓarawon ya zo ɗauka, don ita ke sa a tura kuɗi. 'Yan mintocin da za ki zauna kina sa lambobin sirri, haƙƙin mutanen nan kike saukewa.

Maganar Gwaggo da ta tura wa ɓarawon kuɗi. Na kira ta, wallahi ba ta riƙe ki ba. Kukan da ta yi don ta zaci da gaske Ummi ce ba lafiya, da ta ji ƙalau take sai hamdala. Amma kuɗin adashenta ne, ta daɗe tana zubi. Ki shirya ki je da ƙafarki, kada ki aika. Ki raka ta bankinta da rasit ɗin turawar a rubuta ƙorafi, don banki na iya neman a riƙe asusun da kuɗin ya faɗa. An riga an ɗan makara, kada a ƙara. Ku ɗauki hoton saƙonnin, da lambar asusun, da lambar da ta kira ki, ku kai wa 'yan sanda ko EFCC. Tun 2015 akwai dokar laifukan intanet a ƙasar nan, abin da ya yi laifi ne mai hukunci. Ban yi miki alkawarin kuɗin zai dawo ba. Ni da Yaya Babba mun yi magana, za mu cike mata abin da ya sawwaƙa, kuma ba bashi ba ne, kar ma ki fara.

Masu sayen kayanki kuma kada ki bar su da jita-jita. Ki yi saƙon murya da bakinki, gajere. Ki ce an shiga layinki daga rana kaza zuwa rana kaza, duk wanda aka nemi kuɗi a wurinsa ba ke ba ce, asusunki ɗaya ne kuma da sunanki yake. Za ki ga ba mai gudunki. Wasu ma za su fito su ce an taɓa yi musu suka yi shiru irin naki, shirun nan kuwa shi ke ba mutanen nan damar zagayawa gida-gida.

A guruf ɗin gida na riga na faɗa, Yaya Babba kuma ya amince, daga yau ba mai tura wa wani kuɗi a kan rubutu kaɗai, sai an kira. Tunda yanzu har murya ana kwaikwaya da na'ura, in abin ya zo da gaggawa za a yi tambayar da ɗan gida ne kaɗai zai amsa. Ni na zaɓi tambayar: sunan akuyar nan. Kin san wadda nake nufi. Kada ki rubuta amsar a ko'ina.

Ranar Juma'a bayan la'asar ki ari wayar maigidan mu yi magana, taki na hannunki, mu bi su ɗaya bayan ɗaya har mu gama. In kin iya, wayar Inna ce ta gaba, sannan ta Gwaggo. Daga nan ki roƙi malamarku ta ba ki minti goma a Islamiyya ki nuna wa matan. Daga bakinki za su fi ji, don ke kin gani da idonki.

Turaren da kika aiko ya kusa ƙarewa, ki haɗo min wani, da atamfar nan mai ruwan ganye in ba a saye ba. Ina nan tafe bayan jarrabawar yara, in Allah ya yarda. Ki shafa min kan Ummi, ki gaida maigidan da kyau, na gode masa da ya tsaya miki. Allah ya tsare gaba, ya mayar muku da mafi alheri. Wanda ya yi kuma, Allah ya shirye shi, in ba mai shiryuwa ba ne ya yi mana maganinsa.

Taki har kullum,
Yaya